Idan Na'ura Ta Cuci Mutum, Wa Za A Tambaya?

A ƙarshen shekarar 2022 wani mutum a Kanada ya rasa kakarsa, ya shiga shafin kamfanin jiragen sama na Air Canada domin ya sayi tikitin zuwa jana'iza. Ya tambayi manhajar da kamfanin ya ajiye a shafinsa don amsa tambayoyin fasinjoji ko akwai rangwame ga wanda aka yi wa rasuwa, manhajar ta amsa masa da cewa akwai, ta kuma ƙara da cewa yana iya sayen tikiti a kan cikakken farashi yanzu, daga baya ya nemi a mayar masa da rarar kuɗinsa cikin kwana 90. Ya yi yadda aka ce masa. Da ya dawo ya nemi haƙƙinsa, kamfanin ya ce ƙa'idarsa ba ta yarda a ba da wannan rangwame bayan an riga an yi tafiya ba, kuma abin da manhajar ta faɗa kuskure ne. Magana ta kai gaban kotun sasanta ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia, a nan ne kamfanin ya kawo hujjar da ta sa nake wannan rubutu: ya nemi a ɗauki manhajar tamkar wata halitta mai zaman kanta wadda ita ke da alhakin abin da ta furta. A watan Fabrairu na 2024 kotun ta yi watsi da wannan hujja, ta ce manhajar wani sashe ne na shafin kamfanin, duk abin da ke shafin kuwa kamfanin ne ke ɗauke da nauyinsa, sannan ta umarce shi ya biya fasinjan dalar Kanada 812.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba a wurin kamfani mai wannan girma. Hujjar da ya kawo ita ce abin dubawa, domin ita ce hujjar da kamfanoni da yawa za su so su riƙa fakewa da ita yayin da ƙirƙirarriyar basira ke ƙara shiga harkar ɗaukar ma'aikata, da ba da rance, da inshora, da sanya farashi, da hulɗa da abokan ciniki. Ra'ayina a kan wannan batu guda ɗaya ne, kuma na riƙe shi da ƙarfi: duk hukuncin da na'ura ta yanke da sunan kamfani, dole a sami mutum mai suna da muƙami a cikin kamfanin wanda zai amsa tambaya a kansa, wanda kuma aka ba shi ikon dakatar da na'urar idan ya ga tana ɓarna. Kamfanin da bai da wannan mutum bai fara tafiyar da fasahar bisa amana ba, komai yawan takardun manufofin da ya wallafa.

Dalilin da ya sa na tsananta a nan yana cikin yadda fasahar kanta take aiki. Manhajojin da muka saba da su a da, mutum ne ke rubuta musu ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, idan an sami matsala a bi layi a gano inda aka kauce. Ƙirƙirarriyar basira ta zamani kuwa ana tara mata ɗimbin bayanan abin da ya gabata ne, ta tsinci alamomin da ke maimaituwa a ciki, ta riƙa hasashe da su a kan abin da ba ta taɓa gani ba, har ta kai waɗanda suka gina ta ma sau da yawa ba za su iya nuna takamaiman dalilin da ya sa ta ƙi wane ta karɓi wane ba. Manhajojin hira irin su ChatGPT, wadda aka fito da ita a ranar 30 ga Nuwamba 2022, aikinsu shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata, shi ya sa suke faɗin gaskiya da ƙarya da murya iri ɗaya, cikin natsuwa da tsari mai gamsarwa. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, waɗanda manhajar ta ƙaga musu har da sunaye da lambobi. Sannan akwai batun yawa. Ma'aikaci guda idan yana da son zuciya ko sakaci, ɓarnarsa ta tsaya a kan waɗanda suka zo teburinsa. Na'ura idan ta karkace, karkatar tana bin kowane reshe da kowane abokin ciniki a lokaci guda, ta kuma ci gaba da maimaita kanta dare da rana har sai wani ya lura.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar hukuncin na'ura a matsayin wanda ya tsarkaka daga son rai, alhali zaɓin mutane ne aka cusa a cikinsa tun daga tushe. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ya yi watsi da wata manhaja da ya gina don tantance masu neman aiki, bayan an gano tana rage wa mata maki. Babu wanda ya umarce ta da haka. An horar da ita ne da takardun neman aikin da kamfanin ya karɓa cikin shekara 10, mafi yawansu kuwa na maza ne, sai ta ɗauka cewa namiji shi ne siffar ma'aikacin da ake so. Wani misalin ya fi wannan zurfi. A 2019 mujallar Science ta wallafa bincike a kan wata manhaja da asibitoci da kamfanonin inshora na Amurka ke amfani da ita don zaɓen marasa lafiyar da suka fi buƙatar ƙarin kulawa. Waɗanda suka gina ta sun rasa ma'auni mai sauƙi na tsananin ciwo, sai suka ɗauki yawan kuɗin da aka kashe wa mutum a asibiti a matsayin alamar yadda ciwonsa yake. A ido wannan dabara ce mai ma'ana. Amma baƙaƙen fata a can, saboda talauci da wahalar samun likita, ana kashe musu kuɗi ƙasa da na farare masu ciwo iri ɗaya, don haka manhajar ta riƙa ganin sun fi lafiya. Masu binciken sun lissafa cewa da an gyara wannan, rabon baƙaƙen fata a cikin masu samun ƙarin kulawar zai tashi daga kusan kashi 18 cikin 100 zuwa sama da kashi 46.

Manhajar nan ba ta yi kuskuren lissafi ba, abin da aka ce ta auna shi ta auna, kuma ta auna shi daidai. Kuskuren ya faru ne ranar da wasu mutane suka zauna a ɗakin taro suka amince cewa kuɗi za su tsaya a madadin ciwo. Wannan shawara ce ta shugabanci, irin wadda ya kamata a rubuta wanda ya yanke ta da hujjar da ya dogara da ita, a kuma sa wani ya tambaya: su wane ne wannan ma'auni zai zalunta? Duk wanda ya tsaya yana zargin na'urar a irin wannan hali, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ba a rasa kyawawan ƙa'idoji a duniya ba. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, OECD, ta fitar da nata a 2019, UNESCO ta amince da shawarwarinta kan ɗa'ar wannan fasaha a 2021, cibiyar ma'aunai da fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar da tsarin kula da haɗurranta a farkon 2023, a ƙarshen shekarar kuma aka sami ma'aunin ƙasa da ƙasa na tafiyar da wannan fasaha mai suna ISO 42001 wanda kamfani zai iya neman shaidar cika shi. Duk suna da amfani, kuma manyan kamfanoni da dama sun kwafi kalmominsu na adalci da gaskiya da bayyana komai a fili sun liƙa a shafukansu. Sai dai aikin yana farawa ne daga abin da ya fi wannan ƙanƙanta, wato kamfani ya san manhajoji nawa ne masu irin wannan basira ke aiki a cikinsa, a wane sashe, da bayanan wa, kuma wa ya ba da izini. Wannan lissafi yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin ma'aikata ba sa jiran izini kafin su ɗauki abin da zai rage musu wahala. A 2023 Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan an gano wasu injiniyoyinsa sun zuba bayanan sirrin kamfani a cikin ChatGPT suna neman ta gyara musu aiki. Ba mugunta ta sa su ba, sauri suke nema, kuma babu wanda ya shata musu iyaka tun farko.

Amsar da aka fi bayarwa idan an tayar da wannan magana ita ce, ai akwai mutum da ke duba abin da na'urar ta yanke kafin a zartar. Ina so a matso kusa a kalli wannan mutumin. Yana zaune gaban kwamfuta, fayil ɗari uku na jiransa kafin a tashi aiki, kowane fayil ya zo da maki da launi, kore ko ja, da maɓalli biyu a ƙasa. Idan ya danna amincewa da abin da na'urar ta ce, fayil ya wuce cikin daƙiƙa kaɗan, babu mai tambayarsa. Idan ya saɓa mata, sai ya cike fom ya rubuta dalili, shugabansa ya sa hannu, idan kuma daga baya abin ya ɓaci sunansa ne a kai. A ƙarshen wata ana auna ƙwazonsa da yawan fayilolin da ya kammala. A makon farko yana buɗe kowace takarda yana karantawa, zuwa wata na uku ya lura cewa na'urar tana yin daidai a mafi yawan lokuta, sai hannunsa ya saba da maɓalli guda. Wannan bawan Allah ba ya sa ido a kan komai, an ajiye shi ne domin ranar da abu ya lalace a sami wanda za a nuna. Idan da gaske kamfani yake, sai ya ba shi lokacin da zai karanta, da horon da zai gane inda na'urar ta saba yin tuntuɓe, da tabbacin cewa saɓa mata ba zai zame masa laifi ba. Shugabanni kuma su riƙa duba sau nawa masu dubawar suka saɓa wa na'urar, domin idan wata shida suka wuce ba a saɓa mata ko sau ɗaya ba, wannan alama ce ta cewa dubawar ta mutu.

Wanda yake ganin na yi zafi ya karanta abin da ya faru a gidan waya na Birtaniya. Manhajar lissafi ce mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya gina, ba ta ma kai matsayin ƙirƙirarriyar basira ba. Ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassan da babu abin da ya ɓata, hukumar kuma ta gaskata manhajar ta ƙaryata mutanenta. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, wasu suka tafi kurkuku, wasu suka sayar da gidajensu don cike giɓin da babu shi, wasu suka mutu kafin a wanke su. Da yawansu idan sun kira suna kuka da manhajar sai a ce musu su kaɗai ne ke da wannan matsala. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai, a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a zama guda, a 2024 majalisa ta yi dokar wanke sauran. Koke-koken suna nan tun farko, ɗaruruwansu, daga mutanen da ba su san juna ba, suna faɗin abu iri ɗaya. Abin da aka rasa shi ne mai iko guda da zai tattara su ya ce a tsaya a binciki na'urar. Idan manhajar lissafi ta iya jawo wannan, ina ga wadda ko maginanta ba sa iya bayyana yadda ta kai ga hukuncinta?

Akwai wata mafaka kuma, ita ce a ce ba mu muka gina ta ba, sayo ta muka yi. Gaskiya ne mafi yawan kamfanoni ba sa gina nasu, haya suke yi ko saye daga wasu ƙalilan. Amma wanda aka ƙi ɗauka aiki ko aka hana rance bai san mai sayar da manhaja ba, kamfanin da ya nema shi ya sani. A 2023 kamfanin koyarwa ta intanet iTutorGroup ya amince ya biya dala 365,000 bayan hukumar daidaiton ɗaukar aiki ta Amurka ta kai shi ƙara kan cewa manhajarsa tana watsar da takardun mata masu shekara 55 zuwa sama da maza masu shekara 60 zuwa sama. A ƙarshen wannan shekarar hukumar kula da cinikayya ta ƙasar ta haramta wa kantunan magani na Rite Aid amfani da fasahar gane fuska har shekara 5, saboda ta riƙa nuna masu sayayya da ba su ji ba su gani ba a matsayin ɓarayi, ma'aikata suna bin su suna kunyata su a gaban jama'a, kamfanin kuwa bai gwada ingancin abin da ya sayo yadda ya kamata ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wajibi ne mai saye ya tambayi da wane irin bayani aka horar da manhajar, a kan su wa aka gwada ta, ya kuma gwada ta da kansa a kan irin mutanen da zai yi wa aiki da ita. Tun a 2018 masu bincike biyu, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, suka nuna cewa wasu manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni suna kuskure ƙasa da kashi 1 cikin 100 a kan maza farare, amma kuskuren yana kaiwa kusan kashi 35 a kan mata masu duhun fata. Haka abin yake ga harshe: manhajar da ta ƙware a Turanci tana iya yin rauni ƙwarai a harshen da ba ta sami rubutunsa da yawa ba, kuma alƙaluman da mai sayarwa zai nuna ba lallai su bayyana wannan ba.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce, kuma ba na raina shi. Zai ce duk wannan kashe kuɗi ne da ɓata lokaci, abokan gasa suna gudu, ƙaramin kamfani kuma ba shi da halin ɗaukar lauyoyi da masu bincike. Zai ƙara da cewa mutanen da na'urar ta maye gurbinsu su ma suna da son zuciya da gajiya da karɓar na goro. Wannan na biyun gaskiya ne, har ma akwai ayyukan da na'ura ta fi mutum daidaito a cikinsu, kuma ban ce a koma jiya ba. Game da na farkon, ba kowane amfani ne ke buƙatar tsaro iri ɗaya ba. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a ranar 1 ga Agusta 2024 ta bi wannan hanya: ta haramta wasu abubuwa gaba ɗaya, kamar amfani da na'ura don karanta yanayin zuciyar ma'aikata a wurin aiki, ta sanya ɗaukar ma'aikata da tantance cancantar rance a sahun masu babban haɗari da ke buƙatar tsauraran sharuɗɗa, ta bar mafi yawan sauran ba tare da wani nauyi mai yawa ba, tarar karya haramcin kuma tana iya kaiwa yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Ko inda wannan doka ba ta kai ba, hikimarta tana da amfani ga mai ƙaramin jari: manhajar da ke gyara maka rubutun talla ba ta buƙatar kwamiti, wadda ke yanke wa mutum abincinsa ko lafiyarsa ko mutuncinsa kuwa tana buƙatar ka zauna ka yi tunani. Shi kansa mai jarin yana cikin waɗanda ake karewa. A 2021 kamfanin Zillow na Amurka ya rufe sashensa da ke sayen gidaje bisa farashin da manhaja ta ƙiyasta, bayan ya yi asarar sama da dala miliyan 300 a kan gidajen da ya saya da tsada, ya kuma sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa.

Ban yarda kuma kamfani ya naɗe hannu ya ce sai gwamnati ta yi doka ba. Doka tana zuwa ne bayan an riga an cuci wasu, kuma a ƙasashe da yawa ba ta zo ba tukuna. Abin da ke hannun kamfani tun yau shi ne ya buɗe wa wanda hukunci ya shafa ƙofa. A sanar da shi cewa na'ura na da hannu a abin da aka yanke masa, a gaya masa dalili da harshen da zai fahimta, a ba shi hanyar da zai kai kukansa ga mutum mai ikon sauya hukuncin. Dokar kare bayanai ta Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ta riga ta ba mutane haƙƙin neman ɗan Adam ya sa baki a irin waɗannan hukunce-hukunce, kuma ban ga dalilin da zai sa mutumin wata nahiya ya cancanci ƙasa da haka ba. Na taɓa tsayawa gaban wata ma'aikaciya da ta juyo mini da fuskar kwamfutarta don in gani da idona cewa an ƙi buƙatata, ta ce ita ma ba ta san dalili ba, kuma babu wanda za ta tura ni wurinsa. Na ga alamar ta so ta taimaka, amma an tsara aikin ta yadda ba ta da abin yi. Koken irin wannan abokin ciniki shi ne hanya mafi arha da kamfani zai gane na'urarsa ta fara kaucewa, domin manhajar da ta yi kyau ranar da aka kafa ta tana iya lalacewa a hankali yayin da kasuwa da halayen mutane suka sauya suka bar bayanan da ta koya a baya.

Ikon dakatarwa da na ambata tun farko yana da sharaɗin da ake yawan mantawa da shi. Ba a iya kashe na'ura sai idan akwai yadda aiki zai ci gaba bayan an kashe ta. Kamfanin da ya sallami duk waɗanda suka san yadda ake tantance rance ko amsa koke da hannu, ya bar manhaja ita kaɗai, ranar da ya gano tana ɓarna zai tarar ba shi da zaɓi illa ya bar ta tana yi, domin tsayar da ita daidai yake da rufe kamfanin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka kafin a kunna kowace manhaja da za ta taɓa rayuwar mutane, ya kamata hukumar daraktoci ta ga takarda guda da ke ɗauke da sunan wanda ke da alhakinta, da irin kuskuren da idan ya kai wani adadi za a tsayar da ita ba tare da jiran taro ba, da sunayen ma'aikatan da za su karɓi aikin a hannunsu washegari, da ranar ƙarshe da aka gwada su aka ga har yanzu sun iya.